Wayar da na kulle a gwangwanin madara

A wancan lokacin ni mai abinci ce a Samaru, ina da 'yar rumfa kusa da gidajen da ɗalibai ke haya. Mijina malamin firamare ne, yaranmu duk sun tasa. Ni mace ce mai zargi, ba zan ɓoye ba. Tun ina budurwa mahaifiyata ke cewa ko gaishe ni aka yi sai na juya gaisuwar na duba bayanta. Ban yarda da mai awo ba, ban yarda da mai nama ba, kuma sau da yawa nakan yi gaskiya, shi ya sa halin ya zauna mini daram.

Wayata a cikin rigar mama take wuni. Duk macen da ke shiga kasuwar Sabon Gari sayen tumatir da manja ta san dalili: jaka ana yanka ta a cunkoso, hannu kuma kullum yana cikin mai. A gefen hagu nake soke ta, har in riƙa jin ɗuminta a fata. Wata Lahadi ina wanka zan tafi coci, hannuna ya taɓa wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino, daidai inda wayar ke zama. Ba ya ciwo. Ban gaya wa kowa ba. A satin nan wata ɗaliba da ke cin abinci wurina ta ga na zaro waya daga ƙirji, ta riƙe baki, ta ce in yi wa Allah in daina, wai akwai wani tururi da ba a gani yana fita daga waya yana dafa naman mutum. Ta nuna mini wani bidiyo, rabin bayanin nata Hausa rabi Turanci. Ban fahimci komai ba sai abin da nake son fahimta.

Daga ranar na sami mai laifi. Na fara harar ƙarfen sabis ɗin da ke bayan rumfata. Na tuna mai filin ya kwashe iyalinsa zuwa wata unguwa bayan an kafa shi, na ce lallai ya san wani abu. Kajina suka rage ƙwai, na ce ƙarfen ne. Mijina ya yi ciwon kai, na ce wayarsa ce, alhali mutumin yana wuni da yara suna ihu a kansa.

Aminiyata, wadda muke zumuntar mata tare a coci, ita kaɗai na nuna wa ƙullutun. Ba ta tsaya sauraron bayanina ba, ta tare keke ta kai ni asibiti. Na gaya wa likita cewa na riga na san sanadin, waya ce. Ya saurare ni da haƙuri, ya ce har yanzu ba a tabbatar waya na kawo irin wannan ba, ana dai ci gaba da bincike, kuma ya ga mata da yawa masu ƙullutu waɗanda ba su taɓa sa waya a ƙirji ba. Yana magana ina kallon wayoyinsa biyu a kan tebur, na ce a raina wannan ai an gama saye shi. Suka sa allura suka ɗebi ɗan nama don gwaji. Wata nas ta karɓi lambata, ta ce sakamakon yakan ɗauki lokaci, da ya fito za su kira ni. Da ta tambayi inda nake, na ce Samaru kawai, don ban ga abin da ya kai ta sanin gidana ba.

Ina isa gida na kashe wayar, na cire layin, na jefa su cikin gwangwanin madara, na danne a ƙasan akwati. Lissafina shi ne an kawar da sanadi, ciwo zai bi bayansa. Da mijina ya ji labari ya dame ni da tambayar sakamako, sai na ce da akwai matsala ai da sun neme ni. Allah ya sani, can ƙasan zuciyata na san ba su da ta inda za su neme ni. Tsoro ne, na lulluɓe shi da wayo. Aminiyata ta matsa mu koma, sai na fara zarginta ita ma, na ce tana yawo da sirrina cikin mata, na daina zama kusa da ita a coci.

Damina ta wuce, aka yi girbi, aka yi Kirsimeti. Ina ta shafa man kaɗanya da wani ganye da na saya a kasuwa, ƙullutun yana ta girma, har wani ya fito a hammata. Maimakon in ce na yi kuskure, sai na ce ƙarfen sabis ne bai bar ni na warke ba. Na tashi rumfata daga Samaru na koma Chikaji ina sayar wa ma'aikatan masana'antu. Ranar farko na ɗaga kai na ga wani ƙarfen, ya ma fi wancan tsawo.

A wurin mai manja a kasuwar Sabon Gari wata mata ta damƙe mini hannu. Nas ɗin nan ce. Ta ce sun kira ni har sun gaji, kullum waya a kashe. Ta ce ita da kanta ta je Samaru ta tambayi masu keke inda mai abinci take, aka ce na tashi. Ko a lokacin, abin da ya fara zuwa raina shi ne me matar nan take nema a wurina. Sai na ga idonta ya ciko. Ta ce sankara ce, kuma lokacin da suka fara nemana ƙaramin aiki ne, wataƙila ƙullutun kaɗai za a cire. Na zauna a kan jarkar manja.

An yi mini aiki, an cire maman gaba ɗaya. Na sha ƙarin ruwan da ya zubar mini da gashi. Aminiyar da na zarga ita ta yi jinyata, ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi gorin zafi. Har yau ina zuwa a duba ni, likita bai yi mini alkawarin komai ba.

Ba zan ce muku na yarda da waya ɗari bisa ɗari ba, halina bai mutu ba. Wanda ya ga dama ya nisanta ta da jikinsa, babu laifi. Amma na koyi cewa neman wanda ya jawo ciwo ba magani ba ne, kuma ni na ɓata lokacin da nake da shi wajen nema. 'Yan'uwana mata, in kin taɓa wani abu a jikinki da ba ki saba ji ba, ki je a duba. In sun ce za su kira, kada ki zauna jira, ki koma da ƙafarki ki tambaya. Ni na zauna, kuma yanzu kowace safiya sai na cusa tsumma a gefe ɗaya na rigata kafin in fita.