Ranar da Na Ci Ƙaguwa a Gaban Mijina

Shekara goma sha ɗaya muka yi da aure kafin mijina ya ga ina tauna abinci. In na faɗa wa 'yata wannan yanzu, dariya take yi har ta riƙe ciki, amma gaskiya ce. A gidan da na tashi a Katsina ban taɓa ganin mahaifiyata ta kai loma baki Baba yana kallo ba. Ranar da za a kai ni ɗaki kuwa gwaggona ta ja ni gefe ta ce in kama kaina, mace mai kunya ba ta zama tana motsa baki a gaban miji. Na ɗauki maganar da muhimmanci, na taho da ita har Greensboro.

Amurka ma ta taya ni riƙe al'adar. Ni aikin safe nake yi a ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi, shi kuma da rana yake shiga wani katafaren sito na kujeru da gadaje can wajen titin Wendover, sai bayan isha ya dawo. In zuba masa tuwo a kula, in jera a tebur, in yi masa sannu da zuwa, in ba shi wuri. Nawa a kicin nake ci, a tsaye, ina goge murhu da ɗaya hannun. Ranar hutu kuwa ɗan gidanmu na unguwar Glenwood ba ya rabuwa da baƙi, maza a falo, mata a kicin, shi ke nan an raba gardama.

Wata rana ya dawo da ambulan. Kamfaninsu ya yi ƙuri'a tsakanin tsofaffin ma'aikata, ta faɗo a kansa: kwana uku, mutum biyu, a wani otal na masu hannu da shuni a tsibiri cikin tekun Karebiya. Tsibirin a ƙarƙashin Amurka yake, babu zancen biza. Ya so ya bar wa wani, aka ce ba a canza suna. Yara suka dinga tsalle kamar da su za a je. Ni kuwa da na karanta takardar na ga an rubuta har da liyafar abincin teku a tebur na mutum biyu, sai na ninke ta na ajiye. Ni da shi, fuska da fuska, ba yaro ba baƙo. Ta ina zan fara ci? Kuma in na kasa ci, me za mu ce wa juna? Rabon da mu yi hirar da ba ta makarantar yara ko gyaran mota ba ce, har na manta.

Shi damuwarsa daban ce. Bayan Juma'a ya tare liman ya tambaye shi hukuncin waɗannan halittu masu ƙafafu da yawa. Liman ya ce a mazhabarmu abin da ya fito daga teku ba ya buƙatar yanka, ya ci abinsa, sai dai ya tambaya kada a zuba giya a girkin. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da kowa ke kira Anti, ita ta karɓi yaran. Da na je sallama ta tura mini ƙunshin kilishi cikin jaka.

"Bon, riƙe wannan," in ji ta, tana surkawa da Faransanci yadda ta saba. "Abincin masu kuɗi ado ne, ba ya kaiwa ciki. In kin ji wuya, voilà."

Otal ɗin ya wuce yadda aka zana shi a takarda. Zaurensa ba bango, iska na shiga ta ko'ina, yashi fari tas, ruwa shuɗi har kana hango ƙasansa. Mata na yawo kamar sun manta kayansu a ɗaki, ni kuma ga ni cikin atamfa da mayafi, ina ta kawar da kai a madadinsu. Safe da rana abinci a jere yake, kowa ya ɗebi son ransa. Na ce wa mijina jirgi ya juya mini ciki. Ya tafi shi kaɗai, ni kuma na zauna a baranda ina yagar kilishin Anti, ina kallon teku, ina yi mata addu'a. Haka na yi kwana biyu. A rana ta uku da hantsi kilishi ya ƙare, kuma a ranar ne aka turo kati ta ƙarƙashin ƙofa cewa teburinmu na jiran mu da yamma.

Muna idar da magariba muka sauka. An kafa teburin a kan wani dandamalin katako, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinmu, sama ba ta gama yin duhu ba. Cokula da wuƙaƙe a gabana sun fi na kicin ɗina yawa. Mai yi mana hidima wani dogon dattijo ne ɗan tsibirin, baƙi kamar mu, mai furfura a gemu. Mijina ya gyara zaman hularsa, ya yi masa bayani da Turancinsa na wurin aiki: ba giya, ba alade, ko a miya. Dattijon ya ce an riga an sanar da mai girki.

Abu na farko da ya kawo wasu fararen kwanoni ne masu faɗi, ɗaya gabana ɗaya gabansa. A ciki ruwa ne garai-garai mai ɗumi, da siririn yankan lemon tsami yana yawo a kai. To, a duk inda muka taso, kwanon farko da ake ajiye wa mutum kafin abinci an san na mene ne. Mijina ya naɗe hannun kaftaninsa, ya tsoma hannun dama har wuyan hannu, ya shiga murza yatsu.

"Kin ga mutanen kirki," ya ce. "Har da lemon tsami."

Ni hancina na mai girki ne, tun kafin kwanon ya sauka na ji ƙamshin kifi da tafarnuwa. Na saci kallon teburin da ke gefenmu, sai ga wani Bature da matarsa suna kurɓar nasu da cokali, suna lumshe ido.

"Amma ruwan nan da ɗan maiƙo," in ji mijina, yana duba yatsunsa.

Na danne dariya. Wallahi na yi iya ƙoƙarina, na cije leɓe, na ja mayafi na rufe baki. Da ya ɗago ya bi inda idona yake, ya ga Baturen na kai cokali baki, ya sake duban hannunsa yana ɗiga, sai dariyar ta ƙwace mini. Ban taɓa yi masa dariya a gabansa ba sai ranar. Ya yi kamar zai ɗaure fuska, abin ya gagara, shi ma ya fashe. Dattijon ya iso da tawul mai ɗumi a kan faranti, fuskarsa ko gezau, ya ɗauke kwanon ya ce zai kawo wa yallaɓai wani romon.

"Yallaɓai," na ce, ina share hawaye, "wannan karon da cokali."

"Madam, ki bar ni da abin da ya dame ni."

Sai aka kawo babban tire guda ɗaya, aka ajiye a tsakiyarmu. Ga jan kifi an gasa shi sukutum da kansa, ga jatan lande manya-manya, ga ƙafafun ƙaguwa, ga wani mai sulke da dogayen gashin baki da suke kira lobsta, an raba shi biyu yana naso da man shanu. A gefe an jera kawa, wata halitta mai yauƙi cikin ɓawo, ɗanya a kan ƙanƙara, wadda tun daga kallo na yafe. Dattijon ya ɗaura mana wani ƙyalle a wuya kamar yaran da za a ba koko, ya miƙa wa kowa abin fasa ƙaguwa mai kama da filaya, ya tafi.

Yunwa kuwa ta kai mini ko'ina. Ƙamshi na dukan hancina, cikina na ƙugi har ina tsoron a ji. Duk da haka sai na tsinci kaina na soki ɗan dankali guda, na juya fuska wajen teku, na tura shi ta ƙarƙashin mayafi. Mijina ya fasa ƙafar ƙaguwa, ya zaro naman, ya tsaya yana kallona.

"Kwana uku ban ga kin ci komai ba. Cikin ne har yanzu?"

Da a gida ne, da na ce e, a wuce wurin. Amma wanda kuka gama dariya tare yanzun nan, yi masa ƙarya da wuya. Na ce cikina lafiya lau. Na faɗa masa zancen kilishi, na faɗa masa abin da gwaggo ta ce, na ce ni fa ban iya ci a gabansa ba, ban taɓa ba.

Ya ajiye abin fasawar a hankali.

"To duk shekarun nan a ina kike ci?"

"A kicin."

"Kicin ɗin da ba kujera?"

Na gyaɗa kai. Na fara jin haushin kaina da na ɓata mana wuri. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Na san kunyar amarci. Na ce wata uku ne, ko shekara, za ta wuce. Da aka haifi yara ba ta wuce ba, sai na ce to, ƙila zama da ni ne ba kya so. Kullum ki ajiye abinci ki tafi, ina ci ina jin ƙarar kwanoni a kicin."

"Me ya hana ka tambaya?"

"Ke kaɗai aka koya wa kunya?"

Tausayinsa ya kama ni, irin wanda ban shirya masa ba. Ni ina can ina ganin girmama shi nake yi, shi yana nan yana cin tuwo shi kaɗai kamar baƙo a masauki, shekara goma sha ɗaya, bango ɗaya tsakaninmu. Na ji haushin gwaggo, na ji haushinsa, na fi jin haushin kaina.

Ya turo mini naman ƙaguwar da ya zaro, ya ajiye a gefena na tiren. Na sauke mayafi zuwa kafaɗa, na ture cokulan nan gefe, na yi bismilla na sa hannu. Loma ta farko da ƙyar ta wuce, don ina jin idonsa a kaina. Ta biyu ta fi sauƙi. Daga nan yunwa ta karɓi ragama: na ɓare jatan lande, na yagi lobsta, na bi kifin nan har ƙaya, man shanu na gangarowa ta gwiwar hannuna. Shi yana fasawa, ni ina ci, muna gardama kan ko ƙaguwa ta kai wahalar da ake sha kafin a kai ga namanta. Ya ɗanɗani kawa ɗaya don nuna jarumta, ya haɗiye da ƙyar, ya ce ba zai sake ba ko da liman ya ce mustahabbi ce.

Da tiren ya koma ɓawo da ƙaya, ya jingina da kujera yana goge hannu.

"Abincinsu ba laifi," ya ce. "Amma bai kai miyar kukarki ba."

Na ce ya daina zolaya, yaushe ya taɓa yaba miyata?

"Kullum ina so in faɗa," ya ce. "Sai in ɗago kai in ga ba kowa a teburin."