Ranar da Na Zama Majinyacin Rifkatu

Zonkwa zuwa Kaduna

Duhun asuba bai washe ba na shiga motar farko. Autata Rifkatu, wadda ke karatun likita a Samaru, ita ce ta bugo waya ta ce in zo in taya ta kwashe kaya, ta haƙura da karatun. A takarda ba a kama ƙafarta, amma da ta tsaya gaban majinyaci sai bakinta ya mutu. Ta faɗi jarrabawar duba marasa lafiya, saura mata dama ɗaya. Na ce mata to, amma zuciyata ba ta ce to ba.

Muna tsaye a shingen 'yan sanda bayan Kachia takalmi ya matse ni, na tuɓe na riƙe a hannu. Direba ya waiwayo.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau," na ce.

Sabon Gari

A Kawo na sake mota, rana ta take muka shiga Zariya. Na sauka Dogarawa gidan ƙanwata Saratu, mai sayar da yadi a kasuwar Sabon Gari. Daga bakin titi zuwa ƙofarta sai da na tsaya na huta.

"Yaya, wannan haki fa?"

"Gajiyar hanya ce."

Ta harare ni, ta kawo tuwon masara da miyar kuka.

Samaru

Washegari na hau bas daga Kwangila. Na tarar da Rifkatu ta rame, akwatinta a ɗaure. Duk wa'azin da na tsara a mota ya gudu, tausayinta ya kama ni.

Muna nan sai ga ƙawarta Ngozi, 'yar Sabon Gari mai Hausa kamar jakin Kano. Ashe 'yan ajinsu sun ƙirƙiro wata dabara. Littafi da Turanci yake, majinyaci kuwa da Hausa yake kuka, don haka suke gayyato dattawa su yi kamar ba su da lafiya, su kuma su koyi tambaya. Ran nan tsohon da suka saba kira bai zo ba.

"Daddy, abeg, ka taimaka mana," in ji Ngozi. "Ka ce cikinka ke ciwo, shi ke nan."

Suka zaunar da ni a wani aji, Ngozi ta turo Rifkatu gabana da ƙarfin tsiya.

"Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi," na ce. Baki ya riga ya saba, na manta da ciwon cikin sarai.

Aji ya kwashe da dariya. Ngozi ta ce ai wannan ne dalilin taron, mutanenmu ko a kwance suke sai su ce da sauƙi. Dokarsu ita ce kada ka karɓi amsar farko. Ka zauna, ka tambayi mutum gonarsa da barcinsa.

Rifkatu ta jawo kujera ta zauna.

"Baba, bana ka noma gonar fadama?"

"Rabi na noma."

"Me ya hana sauran?"

Na fara kame-kame. Ta tambayi yadda nake kwana, na ce sai na tara matasai a bayana, in na miƙe numfashi yana sarƙewa. Ta durƙusa ta danna ƙaurina da babban yatsa, gurbin ya ƙi cikewa.

"Baba, wannan ba ya cikin wasan. Tun yaushe?"

"Tun girbi."

Ko mahaifiyarta ba ta iya ciro wannan daga bakina ba. Ni kuwa alfahari ya hana ni jin tsoro.

Da safe ta kai ni asibiti. Babban likita ya ce zuciya ce ta gaji, amma an zo da wuri. A gabana Rifkatu ta zayyana masa komai, ko sau ɗaya ba ta sarƙe ba. Da yamma da hannunta ta kwance akwatin.

Komawa gida

Na koma Zonkwa da ledar magani, ba akwati. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Saratu, da yaran nan masu dabara. Ina shiga gida mahaifiyar Rifkatu ta tarye ni.

"Sannu da hanya. Yaya jiki?"

Har na buɗe baki, sai na fasa. Na ce ta jawo kujera ta zauna.