Anti A-Sake da Telan da Ya Gudu daga Ɗakin Gashi

Ƙarfe shida da rabi na safe, masu shara ba su gama goge barandar asibiti ba, Anti A-Sake ta riga ta sauka ƙasa, can ƙarshen dogon lungun da ke kai mutum ɗakin gashi. A nan ake kwantar da masu ciwon daji, wani ƙaton inji ya riƙa zagaya su yana harba haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, don ya ƙone ciwon ya bar naman lafiya. Bangon ɗakin ya fi tsawon hannun mutum kauri, ƙofar kuwa sai an danna maɓalli take jan jiki ta rufe. Za ta rataye jakarta, ta maƙala a ƙirji 'yar na'urar da ke auna hasken da ya taɓa jikinta, ta tayar da injin ta gwada shi kamar yau ta fara ganinsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ɗaliban da ke koyon aikin a hannunta ne suka laƙaba mata sunan. Ɗalibi zai kwantar da marar lafiya, ya daidaita jan layin haske da 'yan ɗigon tawadar da aka yi masa a fata, ya ja baya yana jiran yabo. Ita kuwa sai ta sunkuya, ta kanne ido ɗaya, ta ce, "A sake." Milimita biyu ce ta kauce. Da yawa sun yi ƙunƙuni a bayan idonta, wasu har da hawaye. Amma likita rubutawa yake yi ya tafi, masu tsara hasken su zana a kwamfuta su miƙo, ita ce hannun ƙarshe tsakanin injin da jikin ɗan Adam. A wuyan mutum kuwa, tsakanin ciwon da lakarsa babu wani filin da za a yi wasa da shi.

Duk wanda ka ce ya ba ka labarinta, da tela yake farawa. Dattijo ne mai shekara sittin da 'yan kai, ciwon ya kama shi a maƙogwaro. Likita ya ce gashi sau talatin da uku, kwana biyar a mako. In aka yi ta tsallake rana ciwon zai farfaɗo, daga nan sai a kai shi ɗakin tiyata a cire maƙogwaron, ba zai ƙara magana da bakinsa ba.

Mai ciwon wuya raga ake yi masa. Roba ce mai ramuka, a tsoma ta a ruwan ɗumi, a shimfiɗa masa daga goshi har kafaɗu, ta bushe ta ɗauki siffarsa. Kullum da ita ake ɗaure kansa a jikin gadon, don kada ya motsa ko kaɗan, sannan kowa ya fita a rufe ƙofa. Rana ta uku tela ya ɗaga hannu, aka tsayar da inji aka kwance shi, ya ɗauki hularsa ya nufi waje. A lokacin akwai wani ɗalibi, magidanci, tsohon malamin lissafi da 'yan ajinsu ke kira Farfesa saboda bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ya bi shi yana cewa, "Haba Baba, minti goma ne fa kawai. Ka daure mana."

Tela ya juyo ya dube shi. "Ɗana, ka taɓa kwanciya a ciki?"

Washegari bai zo ba.

Anti ba ta yi wa Farfesa faɗa ba. Da aka sallami marar lafiya na ƙarshe, ta kashe injin, ta jiƙa sabuwar raga ta ce ya kwanta. Ta ɗaure shi, ta fita, ƙofa ta rufe. Minti biyu bai cika ba hannun Farfesa ya tashi sama. Ya fito riga sharkaf da gumi.

"Farfesa, lissafa min, minti nawa ka yi?"

"Anti, wallahi na ɗauka kun manta da ni."

"To ka ji abin da ya kori Baba. Shirun nan ne."

Tun daga ranar ta mai da shi doka. Ba ɗalibin da zai ɗaure wani a gadon nan sai shi ma an ɗaure shi ya ɗanɗana.

Da yammacin ranar ta nemi shagon tela, ta same shi a kan kekensa yana ɗinki kamar ba abin da ya faru. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ce, "Baba, gobe ka zo. In ka ji muryata ta ɗauke ko na ƙiftawar ido, ɗaga hannu, ni da kaina zan buɗe maka, kuma ba zan sake takura maka ba."

Ya zo, rai a ɓace. Ƙofa ta rufe, Anti ta zauna a ɗakin sarrafa injin, tana kallonsa ta allo, ta matso da bakinta ga lasifika. "Baba, yau riga zan ɗinka. Na shimfiɗa yadi, ban tsaya guga ba. Na yanka daidai awo, ban bar rarar ɗinki ba. Yanzu zan sa hannun riga, kafaɗa kuma sai daga baya." Haka ta yi ta zuba har injin ya gama zagayensa. Hannun tela bai tashi ba. Ana cire masa ragar ya tashi zaune, muryarsa a dushe, ya ce, "'Yar nan, wa ya koya miki ɗinki? Ana sa hannu ne kafin a haɗa kafaɗa? Kin ɓata yadin mutane!"

"To Baba, gobe sai ka zo ka ji ko na gyara."

Ya zo kuwa, ya tarar ta ɓata wuyan riga. Jibi ta ɓata aljihu. A mako na biyar maƙogwaro ya yi ɗanye, ko ruwa da ƙyar yake wucewa, magana ta gagara, sai ya koma rubuta mata gyaran a bayan katinsa na asibiti. Abin da har yau yake ba Farfesa mamaki shi ne, duk surutun nan da take yi idonta bai taɓa barin allo ba. Tana lura da numfashinsa, tana bin lambobin injin, yatsanta na kan maɓallin tsayarwa. Tela ya cika talatin da ukunsa, bai ƙara tsallake rana ko ɗaya ba.

Ke ce, Anti, mai idon awo. Ke ce kika koya wa ɗalibai fiye da ɗari cewa wanda ke bayan ƙofar nan a tsorace yake, ko da ya girme su. Yau suna asibitoci daban-daban, Farfesa ma shi ke riƙe da ɗakin gashi a wani wuri, kuma an ce ɗalibansa sun fara ƙunƙuni a kansa. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai daɗi. Masu neman abin da za su karanta kuma, ga aiki nan yana neman hannu. Ku zo ku koya, ku yarda a ce muku a sake, ku yarda a kwantar da ku a gadon kafin ku kwantar da iyayen wasu.

Makon jiya aka yi mata ɗan taron ban kwana a lungun nan na ƙasa, tela ma ya zo, shekara shida bayan gashinsa. A nan ƙanwarta ta yi suɓutar baki, ta ce ai mahaifiyarsu tela ce, Anti tun tana 'yar shekara goma take kan keke, fararen rigunan aikinta ma ita ke ɗinka abinta. Dattijon ya kama bakin hannun rigarta ya juya ɗinkin yana dubawa. Da ya ɗago idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ashe da gangan kike ɓata min yadi," ya ce. Ya juya ga jama'a, ya gyara murya. "Ni ba ni da abin ba ta sai na gode. Amma ku shaida, da bakina na faɗa."