Adireshin da Inna ke dannawa

Khalida 'yar Djougou ce, jikar fataken goro, amma a unguwar Titirou take zaune cikin Parakou, tana kula da shafin intanet na wata ƙungiyar mata masu sayar da man kaɗanya. Yayanta Adnan ne ya gina shafin, shi ya koya mata aikin, kafin wata babbar mota ta bi ta kan babur ɗinsa a hanyar Pélébina.

Abin da ya fi nanata mata shi ne, in adireshi ya ƙi buɗewa, kada ta zauna tana kallonsa a dunƙule, ta yanka shi gunduwa-gunduwa. Da farko sunan shafin, sai hanyar da ke bayan karkatacciyar sanda, sai abin da ya biyo bayan alamar tambaya. Ɓarnar tana cikin ɗayansu.

Bayan rasuwarsa da 'yan watanni, ta lura da wani adireshi da ke yawan faɗowa cikin kurakuran shafin. Ta yanka shi. Sunan shafin daidai ne. Hanyar kuwa /adnan/hotuna ce, wurin da ya ɓace tun da aka sauya wa shafin ma'ajiya. Bayan alamar tambaya an rubuta wa=inna. Haka Adnan yake yi, yana liƙa sunan wanda ya tura wa abu a wutsiyar adireshi.

Ta daɗe tana kallon kalmomin kamar yanzu ya buga su da yatsunsa. Daga ranar, duk safiya in ta kunna kwamfuta sai ta fara duba kurakuran, kuma sau da yawa takan tarar an sake danna adireshin.

Ranar wata Asabar ta shiga mota zuwa Djougou. Ta iske mahaifiyarsu, Hadjo Memuna, a tsakar gida tana tsince shinkafa, wayarta na gefen tabarma.

"Inna, ke ce kike danna saƙon Yaya Adnan?"

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Hotunan bikin suna ne ya ce zai sa mini. Ban taɓa ganinsu ba."

"Sun ɓace, Inna. Amma zan iya gyara shi ya kai ki ga wani hotonsa."

"Hotonsa na nan a ɗaki." Ta ture faifan gefe. "In na danna, akwai wani ɗan zobe da ke juyawa kafin ya ce babu. Wannan ɗan lokacin, ji nake kamar yana can yana nemo mini. Ki bar shi haka."

Khalida ta koma Parakou ba ta taɓa adireshin ba. Matan ƙungiyar na yaba ta, wai ba a samun adireshin da ba ya buɗewa a shafinsu. Ba ta gyara musu zancen. In damina ta kankama, layin waya ya yi rauni a Djougou, adireshin ya kwana biyu bai faɗo ba, takan kasa cin abinci sai ta kira gida ta ji muryar Inna.