Hoton da Za Shi Turai

"Wancan mai farar riga?" in ji Rukaiya mai ƙosai.

Maƙwabciyarta ta ce, "Shi fa. Ya gama jami'a, wata ƙungiyar agaji ta waje ta ɗauke shi koyon aiki. Ta waya yake tura hotuna, a biya shi."

Rukaiya tana kallon saurayin a tashar Gazawa. Takalminsa na sheƙi, yana toshe hanci da hankici. Ƙila gona aka sayar ya yi lakol, wato karatun boko. Gabansa wata uwa ce riƙe da ɗanta ramamme, wanda za a ɗauki hotonsa. Ta yi masa wanka, ta sa masa kwalli da rigar Salla, tunda hoton Turai za shi. Saurayin ya yatsine fuska, Rukaiya ta tofar da yawu.

"Inna," ya ce, "don Allah tuɓe masa rigar nan, a ga haƙarƙarinsa."