Ranar da Kawu Gado Ya Zama Alƙalina

Shekara tara ke nan da muka rufe Kawu Gado a Dogon Dutsi. Ƙanen mahaifiyata ne, tsohon tafintan kotu. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce, mai kula da masu taɓin hankali.

Ban manta da sammacin farko da ya zo mini ba. Hajo, wata mata daga wajen Lugu da nake ba magani, ta cinna wa rumbun maƙwabcinta wuta, hatsin shekara ya ƙone ƙurmus. Danginta suka ce doguwa ce ta hau ta, mai rumbu ya ce ƙeta ce kawai. Alƙali na son jin ta bakina kafin ya yanke: gidan kaso ko gidan likita.

Na je wa Kawu da takardu cike da manyan kalmomin Faransanci. Ya ture su gefe, ya kifa turmi ya zauna, ya ce yau shi ne alƙali.

"Madam, doguwa ce ko ba doguwa ba?"

Na shiga zuba bayani. Ya ɗaga hannu. "Ɗiyata, kin ga doguwar da idonki?" Na ce a'a. "To mi kika gani?"

Kwana uku muna haka, har na iya raba abin da na gani da abin da aka gaya mini. A kotu na faɗi cewa Hajo ta yi mako biyu ba barci, tana jin murya na ce mata macizai sun cika rumbun, za su sari jikokinta. Da aka tambaye ni ko za ta sake, na ce ban sani ba. Aka mai da ita gidan likita. Mai rumbu har yau ba ya amsa gaisuwata.

Yanzu ni ke shirya ƙananan ma'aikata, masu ce mini Tanti, kafin su ba da shaida. Kwanaki wani ya nuna mini wayarsa tana juya Hausa zuwa Faransanci nan take. Na daɗe ina tunanin abin da Kawu zai ce. Tsaki zai yi? Ina zaton karɓa zai yi, ya ce mata ta fassara "zuciyarta ta ɓaci", ya kasa kunne.

Bai bar ɗa ba, bai rubuta komai ba. Amma makon jiya wata ma'aikaciya daga Tibiri da na shirya, wadda ba ta taɓa jin sunansa ba, ta kira ni tana fitowa daga kotu, ta ce: "Tanti, alƙali ya saurare ni har ƙarshe."

Allah ya jiƙan Kawu.