Bargo a Cikin Piyano

A unguwar Hay el-Sabi' ta birnin Alƙahira aka haifi Huda. Mahaifinta, Malam Sharhabilu, daga Gusau ya zo Alƙahira neman ilimi. Karatu ya ƙare, shi bai koma ba, ya zauna yana karɓar haddar ɗalibai 'yan Arewa. Uwarta Asama'u kuwa girki take yi wa wata dattijuwa Bamisiriya a unguwar Ma'adi, Madam Eman, mai koya wa yara piyano. Da yarinyar take zuwa aiki.

Daga ƙofar kicin Huda ta fara ɗauka da kunne, har matar ta lura, ta zaunar da ita kan kujera ta shiga koya mata. Da hannu ya fara faɗawa, sai ta ba ta wani tsohon piyano ta riƙa bita a gida.

Ranar da aka hau da shi bene, Malam ya daɗe yana kallonsa. Sama da su ɗalibai ne, ƙasa da su ma ɗalibai, kowa na fama da haddarsa.

Ya ce, "Ban hana ki ba, Huda. Amma kada mai hadda ya ji shi, ko ta bango."

Asama'u ta ninke bargo ta cusa tsakanin wayoyin da 'yan gudumomin da ke bugunsu. Sauti ya mutu, sai ɗan ƙwas-ƙwas. Don ta ji abin da take kaɗawa, dole Huda ta riƙa dannawa da ƙarfi, tun daga wuyan hannu. Haka ta girma. Madam Eman ta sha tambayarta wa take duka haka, piyano ba kafet ba ne. Ita kuwa kunya ta hana ta faɗar abin da ke gidansu.

Duk da haka Allah Ya ba ta. Ta shiga makarantar kiɗa, ta fita da yabo, aka fara kiranta ɗakunan taro a Wustul Balad, tsakiyar birnin, har ta soma tsara nata kiɗan. Sai aka sa mata ranar da za ta kaɗa na farko da ta tsara, da hannunta, a gaban jama'a.

Ana cikin shiri yatsu biyu na hannunta na dama suka fara lanƙwashewa da kansu. Asama'u ta shafa man zaitun, ta tofa addu'a. Likita ya duba, ya tambayi yadda take bita. Da ya ji, sai ya ce ma'alish, a yi haƙuri, hannun ya gaji tun tana yarinya, ba zai ce zai dawo ba.

Labari ya kai kunnen Malam. Abincinsa dai aka ɗauke yadda aka ajiye.

Ba a ɗage ranar ba. Shahd, wadda suka yi makaranta tare, ita ta hau kujerar piyano. Huda ta zauna gefenta tana juya mata takardar kiɗan da hagu. A wani wuri Shahd ta sassauta hannu, sautin ya fito siriri, ya cika ɗakin. Huda ita ta rubuta wurin, amma ba ta taɓa jin sa haka ba. Ta tsaya saurare har ta manta aikinta, sai Shahd ta miƙa hannu ta juya da kanta.

Aka yi tafi, aka kira sunanta, ta miƙe. A jirgin ƙasa na metro suna komawa gida, uwar ta tambaye ta ko hannun na ciwo. Ta ce a'a, Umma, shi ne abin, ba ya ciwo, ƙin jin magana kawai yake yi.